Kwanon Fitilar Tsohuwar Mota da Yadda Ake Maido Masa da Haske

Bahaushe yakan bambanta fitilar da ta mutu da wadda ta dushe. Wadda ta mutu ba ta yaudarar kowa, domin da zarar magariba ta yi direba ya san ba shi da ido, sai ya nemi gefen hanya ya tsaya. Wadda ta dushe kuwa tana nan tana ci, mai tahowa daga gaba yana hango ta jajir kamar garwashi, alhali hasken da take zubawa a kan kwalta bai wuce ƴan taku ba. Dushewa a hankali take shigowa, shekara da shekaru, har idon mai mota ya saba da ganin dishi-dishi, ya ɗauka dama haka dare yake.

Motar da nake hawa Peugeot 504 ce, wadda mutanenmu ke kira Fijo. An fara ƙera irinta a Faransa a shekarar 1968, daga baya kuma aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa har gobe ba a rasa kayanta a kasuwannin ƙasar Hausa. Nakan bi da ita hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram, kuma sau da yawa dare yakan riske ni kafin in isa. Duk wanda ya san wannan hanya ya san abin da ke kanta bayan isha: amalanke ɗauke da kara ba ko fitila, jakuna, shanun da ke tsallakawa, da babbar motar da ta lalace aka jera mata rassan itace a baya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan fitila ba ta nuna abin da ya wuce mita 30, tsakanin ganin amalanke da isa gare shi bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, kuma kafin ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki mafi yawan lokacin ya tafi.

Fitilar gaba abu uku ce a haɗe: ƙwai, da kwanon da ke bayansa, da gilashin da ke gabansa. Ƙwan yana watsa haske ta kowane ɓangare, sama da ƙasa da baya, kamar yadda aci-balbal ke yi a tsakar ɗaki. Kwanon ne yake tattara wannan haske ya tura shi gaba, domin an lanƙwasa shi bisa wani lissafi ta yadda zaren ƙwan zai zauna daidai wurin da duk hasken da ya faɗa wa bangonsa zai juyo ya miƙe. Gilashin kuma, da zane-zanen da ke jikinsa, shi yake raba hasken a kan hanya. Saboda haka mafi yawan abin da direba ke gani da shi daga kwanon ya fito. Ƙyallin nan da ke cikinsa alminiyam ne da aka narka har ya zama tururi a cikin wata tukunya da aka zuƙe wa iska, ya kwanta a kan ƙarfen da aka riga aka shafe da wani ruwan fenti mai santsi. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Abin da ya kai wannan rashin kauri ba ya jure wahala. Robar da ke toshe bayan fitila takan bushe ta tsattsage da zafin bazara, da damina kuma laima ta shiga ta zama raɓa a ciki, ta gangara ta taru a gindin kwanon, tsatsa ta fara cin ƙarfen ta ƙarƙashi tana ɗaga ƙyallin. Da hunturu ƙurar hazo ta bi ta wannan ƙofa ta kwanta a kan bangon. Sa'an nan ga maganin da ya fi cutar illa: mai mota ya ga haske ya ragu, sai ya cire ƙwai mai ƙarfin wat 55 da 60 ya sa mai wat 100. Zafin da ya ƙaru yakan gasa saman kwanon har ya yi toka-toka, ya kuma ƙona wayoyi da makunni.

Akwai wani dattijo mai gyaran wutar mota da nake kai wa aiki. Da na kai masa ƙarar fitilun, bai taɓa su ba sai da ya ɗauko na'urar awon wuta ya gwada a kan batir, ya sake gwadawa a gindin ƙwan, injin yana aiki. Ya ce: “Malam, kafin a zargi rijiya a duba guga.” Gaskiyarsa kuwa, domin ƙwan fitila ba ya yafe ƙarancin wuta: idan ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Tsofaffin wayoyi da tsatsar da ke mahaɗar wayar da aka ɗaure a jikin mota sukan sha wutar a hanya. Ya kankare mahaɗan, ya matse su, haske ya ɗan farfaɗo. Daga nan ya kwance fitilun biyu, ya zare ƙwayayen, ya ɗaga kowace ya leƙa ta a rana. Ta hagu ƙura ce da hayaƙi suka lulluɓe ta, ƙyallinta yana nan a ƙarƙashi. Ta dama kuwa gindinta ya yi ja, ƙyallin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Na ce: “Baba, ta hagun ai tsumma kawai take so.” Ya girgiza kai ya ce tsumma shi ne ajalinta. Ƙurar da ke kan kwanon yashi ne mai laushi, kuma duk abin da ya goga ta, ko auduga ce, zai kankare alminiyam ɗin ya bar baƙin tabo da ba ya gyaruwa. A irin wannan fitila gilashin manne yake da kwanon, don haka ta ramin ƙwai ake wanki. Ya zuba tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, wanda ba a haɗa shi da asid ba, ya ɗiga ɗigo biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke, ya toshe ramin da tafin hannu, ya yi ta jijjigawa a hankali. Ya zubar, ya sake, har sau uku, sa'an nan ya ɗauraye da tataccen ruwan zalla har kumfa ta ƙare. Ruwan rijiya ko na famfo ba ya yi, domin idan ya bushe yakan bar farin tabon gishirin da ke cikinsa. Ya ajiye fitilar a inuwa mai iska, ramin yana kallon ƙasa, ya ce kada a mayar da ita sai ta wuni ta kwana, don ɗigon da ya saura a ciki shi ne tsatsar baɗi.

Ta daman ita ce ta kawo shawara. A tasha da gareji kowa yana da dabararsa. Wani ya ce a fesa fenti mai ruwan azurfa, wani ya ce a liƙa takardar alminiyam ta naɗe abinci, wani ya ce a kai wa masu shafa kurom. Fentin yana da kyau a ido, amma ƙyallinsa watsa haske yake yi, ba ya tura shi wuri ɗaya. Takardar kuma ba ta kwanciya ba tare da tattarewa ba, kowace tattara tana jefa haske inda ta ga dama, har cikin idon mai tahowa. Kurom ya fi su duka, amma shi ma yana mayar da kashi 60 zuwa 70 ne cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, alhali alminiyam yana mayar da kusan kashi 90. Gyara na gaskiya shi ne a raba gilashi da kwano, a cire tsohon shafen, a kashe tsatsar, a goge ƙarfen ya yi sumul, a shafa sabon fenti mai santsi, a mayar da shi cikin tukunyar tururin alminiyam. Wannan aikin masana'anta ne, ya fi ƙarfin gareji. Don haka na bi layin masu tsofaffin kayan mota, ina ɗaga fitila bayan fitila ina duba gindinta, har na sami wadda ba ta da ja ko kaɗan. Ta fi sauran tsada, na biya, domin araha ba ta ado. Muka wanke ta kamar ƴar'uwarta, muka sa sababbin robobi, muka sa ƙwai mai ƙarfin da aka ƙayyade, muka riƙe shi ta gindi don kada maiƙon yatsa ya taɓa gilashinsa.

Saura saiti, wanda mutane da dama ke tsallakewa. Bayan faɗuwar rana muka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen fili, mita 10 daga bango. Dattijon ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ya ja layi da gawayi a bangon daidai wannan tsayi, ya sake jan wani santimita 10 a ƙarƙashinsa. Ya kunna ƙaramin haske, ya yi ta murɗa sukurorin saiti har bakin hasken ya zauna a kan layi na biyu, gefen dama ya ɗan ɗaga sama don haska bakin hanya. Kwanon da ya sami sabon ƙarfi idan ya kalli sama, makantar da direban da ke tahowa zai yi, kuma makahon direba a hanya mai layi biyu haɗari ne ga kowa.

Mutane sukan kashe kuɗi a kan fenti da kujeru da rediyo, abubuwan da ake gani da rana, su bar fitila sai ta mutu. Ni kuwa a ganina gyaranta ya shafi haƙƙin mutanen da ba su san mai motar ba: manomin da ke komawa gida a kan amalanke, da yaron da ke kora awaki a bakin kwalta. Ba su da fitila, ba su da ƙaho, abin da ke tsakaninsu da ƙarfen mota shi ne tazarar da direba ya hango su. Shi ya sa duk shekara kafin ruwan farko ya sauka nakan zare ƙwayayen, in duba robobin, in ɗaga kowace fitila a rana in leƙa gindin kwanonta.