Haɗin Gambiza a Keken Tsere

Kusan duk kacar keke da ake ƙerawa a duniya a yau a kan ma'auni guda take: tsakanin gaɓa da gaɓa rabin inci ne, wato milimita 12.7. Kacar Raleigh da Phoenix, waɗanda iyayenmu suka yi ta zuwa gona da kasuwa a kansu, da kacar kekunan da ake gasar Tour de France da su, duk wannan tazara ce a jikinsu. Mai karatu zai zaci tunda haka ne, kowane kayan giya zai zauna a kowane keke. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin da ya hana shi zama haka ya cancanci a tsaya a dube shi, domin ya shafi aljihun mai keke da kuma ikonsa a kan abin da ya saya da guminsa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Ina cikin waɗanda suke zuwa aiki a kansa, kuma ina ganin yadda ɗalibai da ƙananan ma'aikata suke ta sayen kekunan tsere na gwanjo, masu lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Irin wannan keke yakan iso ne bayan ya sha aiki a wajen masu shi na farko. Haƙoransa sun ci, kacarsa ta saki, kuma idan wani abu ya lalace ba lalle ba ne a samu irinsa a kasuwa. A Turai da Amurka, haɗa kayan kamfanoni daban-daban sha'awa ce ta masu son gwaje-gwaje. A nan kuwa larura ce: ko dai a haɗa da abin da ya samu, ko keken ya koma jingine a zaure yana tara ƙura.

Kamfanoni uku ne suka mamaye wannan sana'a. Shimano na ƙasar Japan, wanda aka kafa a garin Sakai a 1921, shi ne mafi girma. Campagnolo na Italiya ya fara a garin Vicenza a 1933. Ƙaraminsu a shekaru shi ne SRAM na Amurka, wanda aka kafa a Chicago a 1987, bai kuma shiga harkar kekunan tsere sosai ba sai a 2006. Kowannensu yana ƙera abubuwa huɗu da suke aiki tare: madannin da ke hannun mahayi, wayar da madannin yake ja, masauyin baya da yake tura kaca gefe, da jerin faifan haƙora da ke jikin wilin baya, wanda ake kira kaset.

A da can babu wata rigima a tsakanin waɗannan kaya. Madannin giya ɗan ƙarfe ne da mahayi yake ja a hankali yana saurare, har kaca ta hau faifan da yake so ƙarar ta ɗauke. Hannu da kunnen mahayi su ne ma'auni, saboda haka madannin Faransa yana iya jan masauyin Japan a kan haƙoran Italiya. A 1984 Shimano ya fito da tsarin da ya sauya komai: danni ɗaya, giya ɗaya. Sauƙi ya samu, amma ma'aunin ya bar hannun mahayi ya koma cikin madanni, kuma kowane kamfani ya zaɓi nasa lissafin.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Kowane danni yana jan waya da wani tsawo, masauyi yana ninka wannan tsawo da wani adadi, abin da ya fito kuma dole ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin faifai biyu. A tsohon tsarin Shimano mai giya goma, danni yana jan kimanin milimita 2.3, masauyi ya ninka da kusan 1.7, sai kaca ta matsa kimanin milimita 3.95. SRAM mai giya goma yana jan kimanin 3.1, ya ninka da 1.3, ya iso kusan wuri guda. Wannan ne ya sa kaset ɗin kamfanonin biyu suke musanyuwa ba tare da matsala ba. Amma a haɗa madannin SRAM da masauyin Shimano, sai 3.1 ta ninku da 1.7, kaca ta yi tsallen sama da milimita biyar, ta wuce inda aka aike ta. Haka nan tazarar faifai a Campagnolo mai giya tara milimita 4.55 ce, a Shimano kuwa 4.35. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma yana taruwa danni bayan danni, har ya kai milimita 1.6 daga wannan gefe zuwa wancan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na tazarar gaba ɗaya. Daga nan sai ƙara, sai tsalle, sai kaca ta zame daidai lokacin da mutum ya miƙe yana taka feda da ƙarfi a tsakiyar titi.

Duk da haka, ƙofar ba a rufe take ruf ba. Keken da nake hawa madanninsa da masauyinsa na Shimano ne, kaset ɗinsa na SRAM, kacarsa kuma ta KMC, wani kamfanin Taiwan, kuma suna zaune lafiya. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce: madanni da masauyi su fito daga gida ɗaya da zamani ɗaya, kaca kuma ta dace da yawan giya, domin faɗinta yana raguwa yayin da faifai suke ƙaruwa. Da aka kai giya goma sha ɗaya, tazarar faifan kamfanonin uku ta matso kusa da juna har mahaya da yawa suke musanya wilin baya a tsakaninsu. Masu ƙwaƙwa ma sun gano cewa madannin Campagnolo mai giya goma yana jan kimanin milimita 2.8, idan aka ninka da 1.7 na tsohon masauyin Shimano sai a samu kusan 4.8, wadda ita ce tazarar kaset ɗin Shimano mai giya takwas. Ba kamfani ne ya koya musu wannan ba, awo suka yi, suka rubuta, suka raba wa junansu kyauta.

Adalci ne a ce kamfanonin suna da hujjarsu. Wanda ya ƙera kaya gaba ɗaya shi zai iya lamunin cewa za su yi aiki tare, kuma santsin sauyin giya da ake samu a yau ya fito ne daga wannan daidaitawa. Sai dai tarihi ya nuna akwai ciniki a cikin lamarin. A 1990 SRAM ya kai Shimano ƙara a Amurka, yana zargin cewa rangwamen da yake yi wa masu haɗa kekuna idan sun sayi kayansa gaba ɗaya yana toshe wa ƙanana hanya, aka kuma sasanta a wajen kotu a 1991. Abin lura shi ne, wanda ya yi ƙorafi jiya, yau shi ma ya gina tasa katangar: tsarinsa mai giya goma sha biyu da ya fito a 2019 yana da kacarsa ta musamman da mazaunin kaset nasa na daban. Ko a cikin gida ɗaya ba a tsira ba, domin Tiagra 4700 na Shimano giya goma ne, amma jan wayarsa bai dace da tsofaffin masu giya goma na kamfanin ba. Da giyar lantarki ta shigo, wadda Shimano ya fitar a 2009, sai waya mai ja ta ɓace, saƙo ya maye gurbinta, kuma madannin wani kamfani ba ya jin yaren masauyin wani. Ana iya auna waya da ma'auni, amma bakanike ba shi da hanyar auna manhajar da aka kulle.

A nan ne damuwata take. Mai gyaran keke na bakin titi ya gaji sana'ar da aka gina a kan cewa ƙarfe ƙarfe ne, idan bai shiga ba a goge shi ya shiga. Wannan hikima ta riƙe keken gargajiya shekara da shekaru, amma ba ta isa ga keken da ake auna shi da ɓarin milimita ba. Sai ka ga ɗalibi ya sayi masauyi da kuɗin abincinsa na mako biyu, an ɗaura masa bai yi ba, shi yana zargin mai gyara, mai gyara yana zargin kayan da jabu ne, alhali kowanne lafiyarsa lau, lissafinsu ne bai zo ɗaya ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Shawarata ga mai niyyar sayen keken gwanjo ita ce ya ƙirga faifan baya, ya karanta suna da lambar da ke jikin madanni da masauyi, ya kuma fifita mai giya takwas ko tara mai aiki da waya, domin kayansa sun fi samuwa, sun fi araha, sun fi jure ƙurarmu. Idan madanni ya mutu aka rasa irinsa, tsohon madannin nan da ake ja da hannu yana aiki da kusan kowane masauyi mai waya, kuma babu abin kunya a komawa gare shi.

Mu kuma da muke jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, akwai aiki a gabanmu wanda bai buƙatar kasafi mai yawa. Ɗaliban injiniya za su iya auna kayan da suke shigowa kasuwanninmu, su tsara jadawali da Hausa mai nuna wanne ne yake tafiya da wanne, a buga a raba wa masu gyara su liƙa a rumfunansu. Takarda ɗaya irin wannan za ta ceci kekuna masu yawa daga zama tarkace, ta kuma bar wa masu su kuɗin da ba su da halin asara. Allah Ya ba mu ikon yi.