Rajistar Aji da Ruwan Bahar

Lahadi, 30 ga Agusta, 2020

Bahar ya shigo unguwar gangare kafin kiran assalatu. Haka muke kiran Shuɗin Nilu, mu Hausawan ƙauyukan da ke jere a gaɓarsa tsakanin Sinja da Sinnar. Ruwan da aka tafka a tsaunukan Habasha ne ya iso mu, jawur da laka. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa da ƙara. Gindin bango ne ke jiƙewa ya yi laushi, sai ka ga ɗaki ya durƙusa.

Makarantarmu tana rufe tun watan Maris saboda korona. Ita kaɗai ce ginin jan bulo a kan tudu, azuzuwa takwas. Shugaban makaranta bai jira takarda daga kowa ba. Ya miƙo mini makullai ya ce, "Ustaz, buɗe duka. In an tambaya, ni na ce."

Litinin, 31 ga Agusta

Mata da yara a cikin azuzuwa, maza a baranda da gindin bedi, awaki a filin ƙwallo. Mun jibge bencina a aji ɗaya. Keken jaki ya wuni yana kawo gadajen igiya, tukwane, da buhunan dawa waɗanda rabinsu ya riga ya jiƙe.

Talata, 1 ga Satumba

Samarin kwamitin unguwa sun zo suna son sanin gida nawa ya rushe, mutum nawa ya fito. Babu mai lissafi a hannu. Sai wata malama abokiyar aikina ta shiga ofis ta ɗauko rajistocin azuzuwa. Muka zauna a tabarma muna kiran suna kamar ranar karatu: yaro ya amsa, a tambaye shi ina uwarsa, ina ƙannensa, ina kakarsa. Malamin ƙauye ya san gidan kowane ɗalibinsa, ya san mai ciki, ya san mai ciwon ƙafa. Kafin la'asar mun cika allon aji biyu da sunayen gidaje da alli. Na kwanta ina ganin ba mu bar kowa ba.

Laraba, 2 ga Satumba

Ashe mun bar mutane.

Da hantsi malamin makarantar allo, wadda a nan ake kira halwa, ya tsaya gaban allon yana karantawa a hankali. Ya juyo ya ce, "Ustaz, ina tsohuwar nan ta bayan masallaci? Ina masuntan da ke bakin mashaya?" Jikina ya yi sanyi. Tsohuwar ba ta da jika a makaranta. Masuntan kuwa 'ya'yansu allo kawai suke yi, wasu ko takardar haihuwa ba su da ita. Rajistarmu ta san wanda ya kawo ɗansa ne kaɗai.

Manyan almajiran malam biyu suka shiga kwalekwale. Sun sami tsohuwar zaune kan gado, gadon a kan bulo huɗu, ruwa ya kai gwiwa, tana riƙe da kaza. Da aka sauke ta na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce mu." Ta ce, "Ɗana, ai ba da gangan ba ne. A samo mini wurin salla."

Da dare ni da malam muka haɗa lissafinmu, nawa a rajista, nasa a ka. Shekara da shekaru muna koyar da yaran gari ɗaya, ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya kan aiki ba sai yau. Laifin nan nawa ne fiye da nasa, domin ni nake ɗaukar takardata ta ishe ni.

Juma'a, 4 ga Satumba

A filin makaranta aka yi Juma'a, masallaci na cikin ruwa. Bayan salla dattawa suka shiga kwatanta ruwan bana da na 1988, wani tsoho tukuf ya ce shi na 1946 iyayensa ke yi wa misali. Yara suka tambaye ni me ya sa aka gina gari a bakin ruwa tun farko. Na ba su labarin da na sani: yadda bayan yaƙin Burmi a 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka nufo gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, wasu kuma hanyar hajji ce ta ajiye su, wasu aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Baƙo marar gona yakan nemi bakin kogi ne, inda akwai kifi da fadamar da za a shuka albasa da tumatir in ruwa ya janye. Abin da ke ciyar da mu shi ne yake rushe mana ɗaki.

Asabar, 5 ga Satumba

Rediyon Omdurman ya ce an kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku a ƙasa baki ɗaya. Kusan mutum ɗari sun rasu, gidaje sama da 100,000 sun rushe ko sun lalace, ruwa a Khartum ya haura mita 17 da rabi. Mun yi shiru muna saurare. Ba mu kaɗai ba ne, kuma wannan na nufin agaji ba zai iso da wuri ba.

Litinin, 7 ga Satumba

Wannan ce ranar da ta fi ba ni tsoro. Masan makaranta an haƙa su ne don yaran da ke tashi da azahar, yanzu gari guda ke amfani da su dare da rana. Sun cika. Yara uku na gudawa, sauro kuma ya taso. Samari suka haƙa ramuka can bayan katanga, nesa da randunan sha. 'Yan agaji sun kawo leda da ƙwayoyin tace ruwa, amma bayanin da Larabci aka yi shi, tsofaffin mata da yawa ba su kama ba. Sai muka tara 'yan aji bakwai da takwas, muka koya musu a allo: a bar ruwa ya kwanta, a tace da ƙyalle, a jefa ƙwaya, a jira rabin awa. Kowace yarinya aka ba ta randa ɗaya ta kula da ita, ta yi wa iyayenta bayani da Hausa. Ban taɓa ganin darasi ya zauna da sauri haka ba.

Alhamis, 10 ga Satumba

Jarrabawar kammala sakandare, wadda korona ta sa aka ɗage, ran Lahadi za a fara. 'Yan garinmu masu rubutawa littattafansu sun jiƙe, an shanya su a kan katanga da duwatsu a kai. Na roƙi matan da ke ajin ƙarshe su matsa su bar musu ɗakin. Ban gama magana ba wata ta naɗe tabarmarta ta ce, "Malam, a ba su. Mu ai mun saba da matsi." Fitilar sola ɗaya da muke da ita can ta koma.

Lahadi, 13 ga Satumba

Da sassafe muka raka masu jarrabawar bakin kwalta, takalma a hannu, laka har ƙauri. Ruwa ya fara ja da baya, ya bar alama a bangon masallaci daidai ƙirjina. An sa ranar gayya don tada ɗakin tsohuwar nan tukuna.

Makarantar ta ji jiki: ƙofofi biyu sun ɓalle, hayaƙin girki ya baƙanta bango, wasu bencina sun zama itacen wuta. Iyalai da dama ba su da inda za su koma, ba kuma wanda zai ce su tashi. Da yamma wani masunci ya same ni ina share ofis, riƙe da hannun 'yarsa. Ya ce, "Ustaz, in an buɗe, a sa sunanta a littafin nan." Na ɗauko rajistar aji ɗaya, na tambaye ta sunanta.