Saura ƙiris in ci bashi don in biya bashi 🧵

1/ Jama'a, ku matso in ba ku labarin yadda na kusa sa hannu a wata takarda makon jiya. Duk mai albashin da banki ke yanka ya tsaya ya karanta.

2/ A Janairun 2022 na ci bashin naira miliyan 1.5 don in ƙarasa gida a garinmu, Kanya, ƙasar Zuru. Ɗaki uku ne da zaure. Za a riƙa cire min dubu 48 duk wata, shekara huɗu.

3/ Wata biyu da kafa kwano, a Maris ɗin nan, 'yan bindiga suka afka wa Kanya, har sojoji aka rasa. Na kwaso iyali muka dawo cikin Zuru haya. Ga haya, ga bashin gidan da ko kwana talatin ban yi a ciki ba. Sai kuma aka cire tallafin mai a 2023. Sauran kun sani.

4/ Yanzu Nuwamban 2024, saura min wata 14. Sai ga kiran wani ma'aikacin banki, murya kamar zuma: "Yallaɓai, mu biya maka tsohon bashin, ka dawo wajenmu. Dubu 27 kacal a wata."

Wallahi sai da na ji wani sanyi a ƙirji. Rarar dubu 21 duk wata! A raina har na auno masara na biya kuɗin makarantar yara.

5/ Da daddare na gaya wa uwargida. Tambaya ɗaya ta yi: "Baban Ummi, na wata nawa?"

Na ce 36. Ta miƙo min wayarta, wai in buga.

48,000 sau 14 = 672,000
27,000 sau 36 = 972,000

Ƙarin dubu 300 ke nan, ban da kuɗin cike takarda da na inshora da za su zare tun kafin a fara. Ni da nake koyar da yara lissafi, ita ta kama ni. 😅

6/ Daga baya na gano dalili. Lokacin da na ci bashin farko, ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya 11.5% ne. A Nuwamban 2024 kuwa ya haura 27%. Sauya bashi yana da amfani in ruwa ya sauka. Ni kuwa zan saki mai araha ne in rungumi mai tsada, an dai shimfiɗa min shi ya yi tsawo don kar in ji nauyinsa.

7/ Wani zai ce me ya hana ka neman na asusun gidaje, NHF, tunda ana yankar 2.5% a albashinka? Gaskiya ne, ruwansa 6% ne, har shekara 30. Amma suna son takardar mallaka ta gwamnati. Ni abin da ke hannuna takardar ciniki ce mai sa hannun dagaci da shaidu uku. Kuma wa zai karɓi gida a Kanya a matsayin jingina yanzu?

8/ Kawuna ya kawo tasa shawarar: "Ɗana, ka jinginar da gonar babanku ta fadama, ka biya su ka huta." Babu ruwa, haka ne. Sai dai wanda ya ba da kuɗin shi zai riƙa nomanta har ranar da na fanso. Gonar kuma ba tawa ni kaɗai ba ce, da ƙannena mata biyu a ciki. Na san gonakin da aka jinginar tun muna yara, har yau ba su dawo ba. Na ce Kawu a bar wannan.

9/ Masu shirin rubuta min "ai riba ce tun farko", na ji, kuma ban musa ba. Shi ya sa ma nake son fita a wata 14, ba 36 ba.

10/ Ban ce sauya bashi haramiyar hanya ce ga kowa ba. Da yankan ya kai ba ma iya cin abinci, da na karɓa ina sane da asarar. Ba mu kai nan ba tukuna, muna dai jin jiki.

11/ Abin da muka yi: na sayar da babur, mun biya hayar shekara, ina zuwa aiki a ƙafa. Uwargida ta manna takarda a bayan ƙofa mai layi 14, duk wata za ta soke ɗaya.

Mutumin bankin ya sake kira jiya. Wai zai iya mayar da shi dubu 25, in na yarda da wata 42.