Wasiƙa kan bindigogin sojan Birtaniya da sunayen zaratansu

Aminina,

 Saƙonka ya iso. Ka ce a hotunan sojan Birtaniya kana ganin wasu riƙe da wata gajeriyar bindiga mai gidan harsashi can baya kusa da kafaɗa, wasu kuwa da samfurin Amurka, kana son sanin dalili. To, gyara zama, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Gajeriyar nan ita ce SA80, a takardun soja kuma L85. Harafin L na nufin kayan sojan ƙasa, A ɗin da ke biyo bayan lamba kuma yana nuna gyara na nawa aka yi mata. A 1985 aka fara raba ta, ta maye gurbin SLR, doguwar nan mai harsashi 7.62. Masana'antar gwamnati da ke Enfield a lokacin ce ta ƙera ta, kuma dabarar ba laifi: da aka mayar da gidan harsashi bayan kunama, bindiga ta gajarta, bututun bai ragu ba, soja na iya shiga motar sulke da ita babu wahala. Tana da saiti ƙwarai.

Amma a yaƙin Tekun Fasha na 1991 asirinta ya tonu. Rairayi kaɗan ya shiga sai ta cije. Wani lokaci maɓallin gidan harsashi ya gogi kayan da soja ya ɗaura a ƙirji, gidan ya faɗi ƙasa bai sani ba. Sai a 2000 aka miƙa aikin ga kamfanin Heckler & Koch na Jamus, ya gyara kusan guda 200,000, suka koma A2, daga nan ta zama abin dogaro. A 2018 aka fito da A3. Aibi ɗaya ne gyara bai taɓa ba: kwanson harsashi ta dama yake fita, dab da fuska, saboda haka bahago dole ya koyi harbi da kafaɗar dama.

Su kuwa dakaru na musamman na SAS ba su taɓa rungumar ta ba. Tun shekarun 1960 a dazukan Borneo suke amfani da Armalite ta Amurka, daga baya suka koma C8 ta kamfanin Diemaco na Kanada, wadda aka yi wa lamba L119A1. Ta fi sauƙin ɗauka, ana harba ta da kowace kafaɗa, abin da mai leƙa kusurwar ɗaki yake buƙata. Wallahi nan ne abin yake ci mini rai. Waɗanda aka ba zaɓi sun ce ba sa so, amma yaro ɗan shekara goma sha takwas da ya shiga soja jiya, wanda ba shi da bakin magana, shi aka bar wa ita shekara goma sha biyar kafin a gyara. Ransa bai fi na zaratan arha ba.

Batun sunaye kuma, mu mukan ce suna linzami, amma a wajensu kada ka bari suna ya ja ka. SAS dai Special Air Service ke nan, kai ka ce sojan sama ne, alhali na ƙasa ne. Sunan ma yaudara aka shirya da shi. A 1941 a Masar, wani hafsa Dudley Clarke ya ƙago rundunar 'yan laima ta ƙarya don Jamusawa da Italiyawa su ɗauka Birtaniya na da dubbansu a yankin. Da David Stirling ya tara mutanensa, waɗanda ba su kai ɗari ba, sai aka laƙaba musu sunan, aka kira su L Detachment, don a zaci akwai wasu rukunonin daga A har zuwa K. An rushe rundunar a 1945, aka farfaɗo da ita a 1947 da sunan 21 SAS, ta sojan wucin gadi. Ta cikakkun sojoji, 22 SAS da ke Hereford, sai 1952 ta samu wannan suna. Rukunoninta A, B, D da G ne. An tsallake C saboda na 'yan Rodeshiya ne da suka yi yaƙi a Malaya.

Takwarorinsu na ruwa su ne SBS da ke Poole, su ne aka turo Sakkwato a watan Maris na 2012 don kuɓutar da injiniyoyin nan biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, aka kashe su kafin a kai gare su. Na san ba ka manta ranar ba. Akwai SRR ta leƙen asiri da aka kafa a 2005, da SFSG mai mara musu baya a 2006, wadda aka gina kan bataliya ta ɗaya ta 'yan laima bayan darasin ceton da aka yi a Saliyo a 2000.

Inda 'yan jarida ke yawan tuntuɓe shi ne Ranger Regiment ta 2021 da kwamandojin Royal Marines. Sunayensu na da kwarjini, horonsu mai tsanani ne, amma ba sa cikin rukunin dakaru na musamman, wanda gwamnati ba ta cewa uffan a kan ayyukansa. Sai ga shi a 2023 an sayo wa waɗannan biyun KS-1 ta kamfanin Knight's Armament na Amurka, aka kira ta L403A1. Saboda haka yanzu ganin samfurin Amurka a hannun soja ba ya nuna maka ɗan SAS ne. Galibin sauran bataliyoyin kuwa har yau SA80 suke saɓawa.

Turo mini hotunan da ka gani mu duba tare. Ka gaishe da Hajiya, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini.