Mudun Kasuwa da Awon Bakin Teku

  

Shekarata talatin da ɗoriya a unguwar New Bell ta birnin Duwala, ina auna wake da gyaɗa da gero waɗanda ake yo mini lodinsu daga Garwa, amma ban taɓa sa ƙafata cikin kwalekwale ba. Iyakar sanina da teku shi ne kifin banda da ake sawa a miya. Sai ga shi 'yata ta uku, wadda ta ci sunan mahaifiyata har nake kiranta Uwata, ta zaɓi karatun halittun teku. Da ta kai shekarar ƙarshe ta digiri na biyu, jami'a ta wajabta mata sitaj na wata shida, wato ta je ta koyi aiki a hannun masu yin sa, sannan ta rubuta kundinta a kan abin da ta gano.

Wurin da ta samu wani ofishi ne mai zaman kansa, na masu nazarin muhalli. Ita ce ta fahimtar da ni dalilin wanzuwar irin waɗannan ofisoshi. Tun shekarar 1996 dokar Kamaru ta tanadi cewa duk babban aikin da zai iya taɓa muhalli, sai an fara nazarin illarsa an kai rahoto ga hukuma. Manyan ayyuka kuwa ba su yanke ba a gaɓar tekunmu: bututun mai na kilomita 1,070 da ya taso daga Doba ta ƙasar Cadi ya iso Kiribi a 2003, tashar manyan jiragen ruwa ta Kiribi kuma ta fara aiki a 2018. Mai aikin shi ke biyan ofishin da zai rubuta rahoton. A lokacin ban lura da nauyin wannan magana ba.

Damuwarmu ta farko, ni da mahaifiyarta, ita ce wace irin tafiya ce 'ya mace za ta riƙa yi cikin ruwa? Na je da kaina na ga shugabanta, na ga takardar yarjejeniya tsakaninsu da jami'a, na tabbatar akwai wata mace cikin ayarin, kuma kowa yana da rigar kariya daga nutsewa. Ranar fita, ƙanenta ke raka ta mashigin Youpwé da asuba, domin ruwan yana cikowa ya janye sau biyu a kwana, wanda ya makara sai kwalekwalensa ya kafe a laka.

Aikinsu yana cikin dajin matanda, itatuwan nan masu tsayuwa kan saiwoyi kamar ƙafafu a inda kogin Wuri ke haɗuwa da ruwan gishiri. Sukan ja igiya su keɓe fili, su auna kaurin kowane itace, su ƙirga tsiro da kututturan da aka sare, su gwada gishirin ruwa, su ɗebi laka a kwalabe. Takan dawo da taɓo har gwiwa, ga cizon ƙwari, amma bakinta cike da labari. Daga gare ta na ji cewa cikin waɗannan saiwoyi ƙananan kifaye da jatan lande suke girma kafin su fita teku, kuma su ke riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta. Har ta gaya mini sunan ƙasarmu ma daga jatan landen wannan kogi ya samo asali, a bakin 'yan Fotugal da suka iso a ƙarni na 15. Ni kuma na ba ta labarin ayu na kogin Binuwai da muke ji muna yara, ta ce ai yana nan a tafkin Ossa, kusa da Edeya.

A wata na biyar, wani dare ta shigo ta durƙusa, ta ce, "Baba, ina da magana." Ashe mai kula da aikinta ya nemi ta cire filaye biyu mafi yawan itatuwa daga lissafi, domin rahoton ya nuna cewa wurin da ake son cikewa da ƙasa daji ne da ya riga ya mutu. Ya kuma nuna mata cewa akwai gurbin aiki bayan sitaj.

A nan ne zan faɗi laifina. Na tuna shekarun da na yi ina biyan kuɗin makaranta, na tuna 'ya'yan maƙwabta masu digiri da ke zaune a gida, sai na ce, "Uwata, ke ɗaliba ce, ba ke za ki sa hannu ba. Ki bi na gaba da ke, ki samu abin yi." Ta yi shiru, kanta a ƙasa. Can ta ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, tun ina ƙarama nake ganin kana cika mudu har ya yi tozo. Da mai kaya zai ce ka danna gindin mudun, shi zai ɗauki alhakin, za ka yarda?"

Ban iya ba ta amsa ba. Na kwana ina juyi, ina tuna Suratul Muɗaffifina da gargaɗinta ga masu tauye awo, wadda ni na koya mata a kan allo. Ashe igiyarta da littafin lissafinta su ne mudunta, masu saye kuwa su ne masunta da matan da ke banda kifi, waɗanda ba za su taɓa karanta rahoton ba, alhali a kansu zai ƙare. Da gari ya waye na ce ta je ta sanar da malaminta na jami'a, ta bar alkalumanta yadda ta same su.

Haka ta yi, cikin ladabi ba tare da hayaniya ba. Ta ƙarasa wata shidanta, ta kare kundinta gaban malamai da filayenta cif. Gurbin aikin nan an ba wani. Yanzu tana koyarwa a wata makarantar sakandare, tana ci gaba da neman aiki a fanninta, kuma ba zan ɓoye ba, wani lokaci abin yakan sosa mini rai.

Ya ku 'yan'uwana iyaye, idan ɗanku ko 'yarku za su tafi irin wannan koyon aiki, ku binciki masauki da abokan tafiya da takardar yarjejeniya, wannan haƙƙinsu ne a kanmu. Amma ku shirya wa ranar da za su zo muku da tambaya irin wadda aka zo mini da ita, domin ni ta same ni ban shirya ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ciyar da su halal, ya yafe mana kurakuranmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.