In'inar Faifai Da Kunnen Baba

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ban tabbatar da gaskiyar wannan zance ba sai a shekarar 2004, sa'ad da na sayi wata mota 'yar Kwatano, wadda ta zo da na'urar canza faifan CD a cikin but, mai cin faifai shida a lokaci guda.

A wancan lokaci mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya haura shekara saba'in, kunnensa kuma ya soma nauyi. Shi mutumin dā ne, ya girma tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan, mu kuma mu koma Suleja. Kowane wata nakan kai shi ganin likita a Minna, tafiyar kimanin kilomita 100 ta Dikko da Lambata. Ba abin da ke rage masa nisan hanya kamar waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Amma fa sai an ƙure murya sa'an nan yake ji.

To, a nan gizo ke saƙar. In murya tana ƙasa, faifai sai ya yi ta tafiya sumul. Da zarar na ƙara ta yadda Baba zai ji, kalangu ya ɗauka, sai waƙa ta shiga in'ina, ta yanke, ta tsallake baiti. Ni abin haushi yake ba ni. Shi kuwa Baba sai ya yi tsit, ya juya fuska wajen taga.

Na fara zargin faifan, na sayo sababbi, ba ta sake zane ba. Na zargi gargadar hanya, amma ko mota tana tsaye a ƙofar gida haka take yi. Wani mai gyara ya ce ƙurar hunturu ce ta rufe idon na'urar, ya goge, ya karɓi kuɗinsa. Wani kuma ko buɗe but bai yi ba, ya ce na'urar ta mutu, in kawo kuɗin sabuwa.

Ana nan sai aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Da na gama bayani sai ya ce, "Alhaji, ba a yi wa cuta magani sai an san gidanta. Tayar da mota."

Da fari ya auna wuta. Ya ce in aka ƙure murya, na'urar ƙara sauti takan ja wuta da yawa, in kuwa batir ya yi rauni ko wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ta yi sako-sako, sai wuta ta faɗi, na'urar faifai ta rikice. Amma awonsa ya tsaya wajen volt 14, bai motsa ba. Wuta ta fita daga zargi ke nan.

Daga nan sai ya juya maɓalli ya mai da sauti duka ga lasifikokin gaba, ya ƙure murya. Shata ya yi ta waƙa, ko tuntuɓe babu. Ya mai da sautin baya, nan take in'ina ta dawo. Sai ya kwance na'urar daga inda take, ya ɗora ta bisa matashin kai, wayoyinta na haɗe, ya sake ƙure murya. Lafiya lau. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Na'urarka ba ta da laifi, mazauninta ne mugu."

Ga yadda abin yake. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ba allura ke karanta shi ba kamar faifan garmaho. Wani siririn haske ne ke bin layi a jikinsa, yana juyawa sau 200 zuwa 500 a minti ɗaya, layukan kuwa don ƙanƙanta milimita ɗaya tana ɗaukar fiye da 600. Girgiza kaɗan ta isa ta kauce da hasken daga layinsa. Saboda haka ake rataye cikin na'urar a kan sifirin da robobi masu shanye girgiza, kuma akwai wurin saiti a gefenta, na tsaye dabam, na kwance dabam. Wanda ya ɗaura tawa ya kafe ta a tsaye, jikin ƙarfen da ke riƙe da lasifikokin baya, ya kuma bar saitin a na kwance. Watau duk bugun kalangu a jikinta yake sauka.

Dattijon nan ya kwantar da ita a gefen but nesa da lasifika, ya shimfiɗa mata robar tsohon tiyub, ya ɗaure tam. Abin da ya karɓa bai kai ushirin kuɗin sabuwa ba.

Da wata ya zagayo muka kama hanyar Minna, na ƙure murya, waƙa ta tafi daga fari har ƙarshe. Mun wuce Dikko sai Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai yaro, yau kunnena ya washe." Na ce, "Baba, ai na'urar ce aka gyara." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ashe kai ma kana jin yankewar? Ni na ɗauka kunnen ne ke tafiya gaba ɗaya, na ƙi faɗa don kada hankalinku ya tashi."

Jama'a, wata biyar bawan Allah nan yana ɗauke da wannan tsoro shi kaɗai, ni kuwa ina gefensa ina fushi da ƙarfe, ban taɓa cewa, "Baba, ka ji yadda take yi?" ba. Kalma ɗaya da ta sauke masa kayan.

Yau an daina yayin irin wannan na'ura, waƙa ta koma cikin wayar hannu. Motar ma na sayar tuntuni. Amma har gobe in na ga tsoho ya yi shiru ya juya fuska wajen taga, nakan matsa kusa in tambaye shi abin da yake ji. Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya, amin.