Wendell Scott da kofin da bai taɓa riƙewa ba

Ni malamin makaranta ne, ban taɓa ganin tseren motoci da idona ba sai a talabijin. Amma akwai wani direban tsere Ba'amurke da nake yawan ba ƴan ajina labarinsa, musamman waɗanda iyayensu ke yi wa barazana da cewa in suka faɗi jarrabawa gareji za a kai su, kamar gareji gidan kaso ne.

Sunansa Wendell Scott. An haife shi a 1921 a garin Danville na jihar Bajiniya, lokacin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta da gidan abinci da wurin kallo. Mahaifinsa direba ne kuma bakanike, a wurinsa ya fara sanin inji. Bai gama sakandare ba. Ya yi tuƙin tasi, ya yi aikin kanikanci a soja lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya buɗe gareji. Ba na ɓoye wa yara cewa ya yi fasa-ƙwaurin giyar da ake dafawa a ɓoye, har aka kama shi a 1949. Da yawa cikin direbobin farko na wannan tsere daga nan suka fito: motar gida ce suke ƙara wa ƙarfi don su tsere wa ƴan sanda.

A 1952 ya fara tsere, a 1961 ya shiga babban rukunin NASCAR. Manyan abokan karawarsa kamfanonin mota ne ke ba su sababbin injuna. Shi kuwa tsohuwar mota yake saye, ya kwance ta, ya haɗa da hannunsa, ƴaƴansa maza su ne masu canza masa taya. A haka ya shiga tsere 495, ya zo cikin goman farko sau 147. Duk wanda ya taɓa lallaɓa tsohuwar mota daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san wannan ba ƙaramin ilimi ba ne, ko da babu takardar shaida a kansa.

Inda na fi tsayawa shi ne ranar 1 ga Disamba 1963, a Jacksonville ta jihar Florida. Scott ya riga kowa, ya ba na bayansa ratar zagaye biyu. Aka ƙi kaɗa masa tuta, aka ce wani farar fata, Buck Baker, ya ci, aka miƙa masa kofi. Sai bayan sa'o'i, jama'a sun watse, aka ce kuskuren ƙirga ne. An biya shi kuɗin na ɗaya, amma ba taro, ba kofi. Mutane da yawa sun yi imani cewa ba a so ne a ga baƙar fata tsaye kusa da budurwa farar fata mai miƙa kyauta.

Wannan ya shafe mu, mu masu jan biro. A takarda an gyara sakamakon, ai kuwa. To amma yaron da aka rage wa maki a gaban aji, aka maida masa a ofis ba wanda ya gani, me aka maida masa? Shi ya sa in yaro ya zo min da ƙorafin maki, kuma gaskiyarsa ce, a gaban ajin nake gyarawa, da murya sama. Wasu abokan aikina na ganin hakan na zubar da girman malami. Ban yarda ba.

Wani mummunan haɗari a Talladega a 1973 ya kawo ƙarshen tserensa. Ya rasu a 1990. A 2015 aka sa sunansa a zauren gwarzayen NASCAR, kofin Jacksonville kuma sai a 2021 hukumar ta miƙa wa iyalinsa.